Ƙofar Bayan Motar Malam Ɗayyabu

A Talata Mafara Mubarak ya sake tsayawa ya goge motar, don kada ta shiga Maradun da dattin hanya. Sabuwar a-kori-kura ce, ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Duk shekarun da ya yi yana aikin injiniya a Fatakwal, babu ranar da yake ɗoki irin wadda zai damƙa wa mahaifinsa makullinta.

Malam Ɗayyabu direba ne tun kafin Mubarak ya san kansa. Da wata tsohuwar a-kori-kura ya yi ta jigilar albasa da shinkafar Bakolori tsakanin Bakura da Mafara da Maradun. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya kai ɗansa har jami'a. Bara kuma kwatsam ya sayar da ita. Da Mubarak ya tambaye shi a waya, cewa ya yi injin ya gaji, ya kawo wata hira.

Mubarak ya shigar da motar har cikin gida, ƙarƙashin rumfar da tsohuwar take kwana. Mahaifiyarsa, Inna Taiba, ita ce ta fito a gaba, Malam yana biye da ita a hankali. Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ranar bakinta bai huta ba. Tana tafe tana faɗin ga ta nan a rumfa, gabanta na duban gabas, ta cika wurin har ta kusa taɓa turmi.

Bayan doguwar gaisuwa, Malam ya aza tafin hannu a jikin motar, ya bi ta da shafa kamar mai taya doki, har ya kai ƙofar bayan bodi. Nan ya tsaya.

Mubarak ya shiga bayani da murna. Wannan ƙofa ba irin ta da ba ce. Tana buɗewa ƙasa kamar yadda aka saba, tana kuma rabewa biyu kamar ƙyauren ɗaki. In aka danna wani wuri, tsakiyarta ta sauko ta zama matakala, ga sandar dafawa a gefe. In aka tayar da rabinta, sai ta tokare dogon kaya kada ya zame.

"Aza hannuna wurin in ji," in ji Malam.

Ya danna, matakala ta sauko. Ya mayar, ya sake dannawa. Ya yi dariya, ya ba da labarin ƙofar tsohuwar motarsa mai sarƙa da sakata, wadda ta taɓa datse masa yatsa a kasuwar Bakura, da yadda ya sha ɗaga buhu har ƙirji saboda babu wurin taka ƙafa. Kafin la'asar ya fi Mubarak iya sarrafa ta.

Amma iyakar abin ke nan. Mubarak ya kira shi gaba ya ga allon da ke nuna bayan mota in za a yi ribas, ya ce wannan na yaran zamani ne. Ya miƙa masa makulli, hannun Malam bai motsa ba, sai da Inna ta yi wuf ta karɓa ta ce ita za ta adana.

Washegari Mubarak ya roƙe shi ya ja su zuwa Bakura ya nuna wa tsofaffin abokan tasha. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Da ƙafa ta yi sauƙi sai ya ce hanya ba lafiya kwanan nan. Daga baya ma ya ce yana ganin a ba Jafaru, ɗan ƙanensa, ya riƙa yin lodi da ita.

Kullum da hantsi sai ya fito ya sauke ƙofar nan, ya taka matakala, ya zauna a kai da tasbaha da rediyo. Motar da aka tuƙo daga Fatakwal ta zama benci.

Abin da ya fi ci wa Mubarak rai bai faɗa wa kowa ba. Watanni ya yi yana jiran dillali ya samo masa koriya shar, irin fentin tsohuwar sak. Maƙwabta duk sun lura, sun yi ta magana a waje. Mai ita ko uffan.

Ranar da zai koma ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, in ba ta yi maka ba ne, ka faɗa mini. Na yi zaton za ka ɗauke ni ko nan da bakin gari, kamar da."

"Ta yi, yaro. Allah shi yi ma albarka."

Ko duban fuskarsa bai yi ba. Inna ta juya ta shige madafa da sauri.

Mubarak ya saɓa jaka ya fita. Ya kusa kaiwa wurin 'yan acaɓa ya ji ba zai iya tafiya da wannan nauyi ba, gara ya koma ya ba da haƙurin maganar da ya yi. Ya shiga zaure a hankali, bai kai ga yin sallama ba ya hango su.

Malam yana tsaye a gefen direba, yana laluben mariƙin ƙofa. Ya samu, ya riƙe, bai buɗe ba. Ya jingina goshinsa da gilashi, kafaɗunsa na girgiza. Inna tana bayansa, ta toshe baki da gefen zane.

"Taiba, yaron ya tahi?" Ta ce ya tafi.

"To hwaɗa min, motag ga da yas sawo mini, wane launi gare ta?"