An Rungume Shi Asabar, An Kore Shi Litinin

Ya'u ma'aikaci ne a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, inda ake buga bokiti da buta da kujeru. Tun safe har la'asar yana tsaye a gaban injin narka roba, zafi na gasa masa fuska, bai taɓa ƙorafi ba.

Abu ɗaya yake ɓoyewa, wanda in ban da abokin aikinsa Habila babu wanda ya sani: ya taɓa zaman gidan yari. Da ƙuruciya ya shiga daba, aka yi faɗa ya sari wani, aka ɗaure shi. Da ya fito sai ya bar unguwarsu, ya kama ɗaki a Ɗorayi, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Wata rana mai kamfanin, Alhaji Idrisu, ya tara ma'aikata. Ya ce wata ƙungiya ta shirya gasar gudu daga Bompai zuwa Sharaɗa don tallafa wa waɗanda suka fito daga gidan yari, kuma kamfaninsa na cikin masu ɗaukar nauyi.

"Wanda ya yi kuskure ya tuba ɗan'uwanmu ne," in ji Alhaji. "Ƙofar kamfanin nan a buɗe take gare shi."

Da aka watse, Ya'u ya ja Habila gefe. "Ka ji Alhaji? Wallahi na gaji da ɓoye-ɓoye. Ko ofis aka kira ni sai gabana ya faɗi."

"Yi gudunka ka koma gida," in ji Habila. "Maganar lasifika daban, ta ofis daban."

Ranar Asabar aka yi gudun. Ya'u bai zo na ɗaya ba, amma ya kai ƙarshe. Mai gabatarwa ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa zaman gidan yari da zai ce wani abu. Ya'u ya ɗaga hannu.

Ya faɗi abin da ya aikata, ya gode wa kamfanin da ya ba shi abin yi. Alhaji ya hau dandamali da kansa ya rungume shi, zufa da komai. "Wannan ɗana ne!" ya ce, yana share ido, masu ɗaukar hoto na ta dannawa.

Da suka sauko, Ya'u ya hango Alhaji yana shafa aljihunsa, yana duba ko wayarsa na nan. Ya kawar da kai, ya ce wa zuciyarsa ba komai ba ne.

Litinin da safe ya tarar an kafa ƙaton hotonsu shi da Alhaji a bakin ƙofar kamfani. A ƙarƙashin hoton mai gadi ya tare shi, ya ce manaja ya ce ya jira a waje.

"An rage ma'aikata," in ji manajan da ya fito.

"Ranka ya daɗe, ni da wa?"

Manaja ya dubi ƙasa. "Ka gane, akwai kaya masu tsada a sito. Da ma tun farko ka faɗa mana."

"Da na faɗa, za ku ɗauke ni?"

Manaja ya juya ya shige. Ya'u ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya kama hanyar gida.

Ya zaga kamfanonin Challawa da na Bompai neman aiki. Bidiyon jawabinsa na ranar gudun ya riga shi zuwa ko'ina. "Kai ne na bidiyon nan? Allah ya ƙara shiryarwa. Babu gurbi yanzu." Maƙwabtan da suke cin abinci tare suka fara kulle ɗaki in ya shigo gida.

Ana nan sai aka sace babur a layinsu. Babu wanda ya tsaya bincike. Wani ya ce, "Ai ga wanda ya faɗa da bakinsa!" Aka fito da shi daga ɗaki aka rufe shi da gora da katako. Habila ne ya kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya ce hannunsa na dama ba zai ƙara riƙe komai ba.

Daga baya aka gano ƙanin mai babur ɗin ne ya ɗauka ya sayar. Ko sannu babu wanda ya je ya yi wa Ya'u.

Habila ya je ofishin Alhaji neman taimakon magani. Sakatariya ta ce ba ya nan, ya tafi karɓar lambar yabo ta taimakon tsofaffin fursunoni.

Jama'a, wanda ya gama zaman hukuncinsa ba tafi yake nema a wurinmu ba, aiki yake nema da zaman lafiya a unguwa. Mu rungume shi a gaban jama'a mu kore shi a bayan ido, munafunci ne, kuma Allah zai tambaye mu.