Lambar da Ba Ta Tsayawa

Bappayo ya juye galan na dizal a janareto, ya koma ɗakin na'ura da sauri ya leƙa lambar. Tana hawa. Ya yi hamdala.

Wani kamfanin safiyo ne ya kawo na'urar lissafin Jimeta, zamanin da komai sai an jiyo daga Maiduguri. Injiniyan kamfanin ya ajiye ta, ya ɗora mata ɗan akwati mai ƙirga awoyi, ya wuce Maiduguri sa hannu a takardu, shiru kake ji. Babban akawu Absalom, wanda shi ma bai taɓa ganin irinta ba amma ba ya yarda a gane, shi ya kafa doka: in wuta ta ɗauke lamba za ta koma sifili, kuma wanda ke gadi zai yi bayani a gaban soja.

Bappayo ya tsorata ƙwarai. Abokin canjinsa ya gudu tun farkon damina, ɗakin ya zama nasa shi kaɗai. Nan yake ci, nan yake salla, kunnensa na kan janareto. Yakan yi alfahari cewa saboda kulawarsa ko ɗumi na'urar ba ta taɓa yi ba.

Ranar Laraba ƙanwarsa Raliya ta zo daga Ngurore wurin mahaifiyarsu, ta tsaya a taga.

"Hamma, Dada tana kiran sunanka. Jikinta ya yi tsanani."

Ya dubi hanya, ya dubi lamba. "Ki ce mata injiniya na dawowa zan zo."

Ya roƙi Absalom ya riƙe masa wurin na wuni ɗaya. Absalom ya ce shi akawu ne, ba makanike ba.

Ranar Asabar da hantsi Raliya ta dawo. Ta miƙo masa carbin Dada ta taga.

Bappayo ya daɗe zaune, ya gane Dada ta rasu. Sannan ya fita ya kashe janareton da hannunsa, ya dawo don ya ga sifilin da ya hana shi ganin mahaifiyarsa. Soja su zo su tafi da shi.

Lambar ta ci gaba da hawa abinta, ashe da batir take aiki. Ya durƙusa ya leƙa bayan na'urar. Wayar wutarta na nan a naɗe, ɗaure da zaren da ta zo da shi daga Turai.