Famfon Umma

Ina 'yar firamare lokacin, muna zaune a ƙasar waje, a wani ɗan fulat a unguwar International City. Abba yana wurin aiki a Jebel Ali. Bayan la'asar aka kira Umma daga Kano, aka ce mahaifiyarta ta rasu, har an kai ta.

Umma ta yi salati a hankali, ta ajiye wayar a kan firji. Da a Kano ne, da tuni mata sun cika gidan. Nan kuwa maƙwabta ko sunanmu ba su sani ba. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo har ƙarshe.

Na zauna a bakin ƙofa ina jin ruwa yana dukan bokiti. Bokitin ya cika ya tumbatsa, ba ta kashe ba. Da ta fito, idanunta jawur, na ce, "Umma, kuka kika yi?"

Ta ce, "Fuska na wanke. Tashi ki ci abinci."

Na so in rungume ta, amma na tashi na ci.

Kwanan baya ciwon kai ya kai ni wurin wata likita. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro daga manya take koyon yadda ake yi da baƙin ciki, kuma abin da aka haɗiye ba ya ɓacewa, jiki ne ke riƙe shi. Na yi murmushi na ce lafiyata ƙalau.

Yanzu ni kaɗai ce a ɗakina, babu mai ji na. Amma har yau hawaye ba sa zubo min sai na buɗe famfo.