Direban da Ya Tausaya wa Filta

Tunda ka kawo zancen tattali, bari in ba ka misalin wani direba, domin tattali ma sai mutum ya san abin da yake tattalawa.

Mutumin nan yana da babbar mota mai shan gas, ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da rani yakan yi lodin tumatir daga fadamun garinsu zuwa kurmi. In ruwan lagireto ya ja baya a hanya, duk wanda ya samu shi yake ɗurawa, na rijiya, na rafi, har na kududdufi in ya ɗan kwanta. Wata rana wani tsohon bakanike ya tsoma yatsa a lagireton, ya fito da shi jawur. Ya ce yashi da tsatsa ne ke yawo a cikin injin, su ke cinye famfon ruwa, su toshe ƙananan hanyoyinsa, maganinsu kuwa a sa wa ruwan filta. Direban ya yarda. Tsohon ya ɗaure mazauninta, ya jawo tiyo biyu, na shiga da na fita, kowanne da ɗan makunninsa, ya shafa mai a robar bakinta, ya murɗa ta da hannu har ta zauna daram. Ya ja masa kunne cewa ba a rufe makunnan nan sai lokacin canji, don kada ruwa ya tsiyaye, da an ɗaura sabuwa a buɗe su. In inji ya ɗumama ya taɓa tiyon fita ya ji sanyi, to ta cika. Ta farko da ta biyu kuma ba za su daɗe ba, dattin shekaru za su kwasa.

Haka aka yi. Ta farko mako uku ta yi, da aka fasa ta cikinta taɓo ne zalla. Ta biyu da ƙyar ta ga wata. Nan ran direban ya ɓaci, ya ce wannan aba ci gare ta kamar gara. Da ya sayo ta uku, ya ɗaura da kansa, ya tsaya yana kallonta fara fat, sai tausayinta ya kama shi. Don me za ta wuni tana shan ƙazanta? Ya bar makunnan a rufe, da niyyar ya riƙa buɗewa jefi-jefi in tafiya ta yi tsawo. Niyyar ba ta kai ƙofar gari ba. Wata takwas yana cika baki a tasha, wai kowa na canza filta kamar riga, tasa kuwa ko gezau. Abokan sana'arsa har suna tambayarsa inda ya saye ta.

Wata rana da tsakar rana, yana hawan wani dogon tudu da kwandunan manoman garinsu maƙil a baya, allurar zafi ta haye ja. Kafin ya sami gefen fakawa tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya buga, ya yi tsit. Kwana biyu motar na tsaye a rana. Ruwan tumatir ya riƙa ɗiga ta ƙarƙashinta yana bin kwalta, ƙudaje suka yi biki, shi kuwa yana zaune a inuwar taya yana tunanin da wane ido zai dubi mutanen da suka ba shi amanar noman raninsu.

Tsohon bakaniken ne aka ɗauko. Ya kwance injin, ya tarar famfon ruwa ya cinye, hanyoyi sun toshe da laka. Ya kai hannu kan makunnan, ya ji su a rufe, har tsatsa ta kafe su. Bai yi faɗa ba. Ya kwanto filtar, ya leƙa cikinta, ya goge ta da tsumma, ya miƙa masa.

"Malam, ga 'yar lelenka," in ji shi. "Ita kam lafiyarta ƙalau."

Kunya ta hana direban ɗaga kai. A bayan motar wani ya koma gida, filtar na kan cinyarsa, sabuwa fil. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.