Tsagar Bangon Aji Uku

Sati uku da shigar Rekiya makarantar, sau biyar aka rataya mata ƙashi a wuya.

Makarantar kuɗi ce a can cikin unguwar Karmo, tsohon gidan haya da aka shafa wa fenti aka kafa allo, bayansa a bakin lambatu. Babbar dokarta guda ce: ba a magana da kowane yare sai Turanci. Yaron da bakinsa ya suɓuce, a rataya masa muƙamuƙin saniya da aka zura wa igiya, ya fita waje ya durƙusa. Iyaye har yabon dokar suke yi, ai don Turancin suka kawo 'ya'yansu.

Rekiya shekararta tara, kuma daga ƙauye ta zo. Yaren Gbagyi take ji da Hausa, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Malamarsu Anti Nazeefa Bahaushiya ce tsantsa. Ba muguwa ba ce, sai dai tana cikin mutanen da idan aka ba su doka sukan fi mai dokar riƙe ta.

A bencin ƙarshe Rekiya ke zama, jikin bangon baya, ita da Precious, yarinya mai yawan dariya da ke ara mata fensir. A can ta fara ganin wata tsaga a jikin bangon. Ranar farko kan fensir ne kawai ke shiga. Bayan ruwan Asabar da Lahadi, sai ga yatsarta tana shigewa, har haske na leƙowa daga waje.

Ta taɓa Precious ta nuna mata. Precious ta ɗaga kafaɗa, ta raɗa mata da Hausa, “Ɗakinmu ma haka yake.”

Amma Rekiya ta san abin da Precious ba ta sani ba. A ƙauye ta ga yadda ɗakin kakarta ya rushe, kuma ta ji babanta na cewa bangon da ya fara zubar da ƙasa sallama yake yi. Wannan kuwa ya fara, kullum sai ta kakkaɓe yashi daga kan littafinta.

Ranar Talata ta ɗaga hannu. “Anti, don Allah ki zo ki...”

“English,” in ji Anti Nazeefa, ba ta ko juyo daga allo ba.

Rekiya ta laluba kanta ta rasa yadda ake cewa tsaga da Turanci. Ta tsaya baki buɗe, ajin ya fashe da dariya. Ta koma ta zauna, kunya kamar ta nutse.

Da yamma ta gaya wa mahaifiyarta, wadda ta dawo a gajiye daga gasa masara a tashar Jabi.

“To ki faɗa wa antinku mana,” uwar ta ce. “Kuma kar in sake ji an sa miki ƙashi. Kunya kike ba ni.”

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lambatun ya cika ya tumbatsa, yana dukan gindin ginin. Ajin ya yi duhu, yara sun duƙufa suna kwafar rubutu daga allo. Rekiya ta ji danshi a bayanta. Ta waiwaya, ta ga tsagar ta haura har ƙarƙashin kwano, wani ɗan dutse ya gangaro ya faɗo kan benci. Sai ta ji wata 'yar ƙara a cikin bangon, kamar ana taka busasshen kara.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta miƙe ba tare da ɗaga hannu ba.

“Anti, bangon nan...”

“Rekiya, again? No vernacular.” Anti Nazeefa ta ciro ƙashin daga ƙusa. “Out.”

Yarinyar ta nuna baya da yatsa, hawaye na zuba. Malamar ba ta bi yatsar da ido ba, bakin kawai take kallo. Ta rataya mata ƙashin, ta tura ta baranda. Precious ta matsa ta gyara zama a wurin Rekiya don ta fi ganin allo.

Gwiwoyin Rekiya ba su daɗe a ƙasa ba ta ji rugugi a bayanta.

Da ƙura ta lafa, babu bangon baya, babu bencin ƙarshe. Anti Nazeefa na tsaye cikin ruwa tana tonon bulo da hannu, tana kururuwa, “Jama'a ku taimaka, yara na ƙasa!” Da Hausa ta yi kiran, kuma masu shaguna da 'yan acaɓa suka ji suka sheƙo a guje.

An ciro yara biyu da karaya. Precious kuwa, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Can malamar ta hango Rekiya a baranda, har lokacin a durƙushe, da ƙashi a wuya, don ba wanda ya ce ta tashi. Ta ƙarasa gabanta.

“Me kike so ki gaya min ɗazu?” ta tambaya da Hausa.

“Bangon ne, Anti. Tun Talata nake so in faɗa miki.”

Malamai da iyaye, Turanci abin koya ne, ba wanda ya ƙi. Amma a fara sauraron abin da yaro ke faɗa kafin a duba da yaren da ya faɗe shi. A ajin da aka rufe wa yaro baki, wata rana maganar da aka hana shi ita ce za ta ceci rai.