Ƙaton da Ke Bin Mai Hoto

Tun daga bakin kwata wani ƙato yake bin wani baƙo mai hoto. In ya tsaya ɗaukar hoton rufin kwano mai tsatsa, ƙaton ya tsaya. In ya karya kwana, yana waiwayawa sai su haɗa ido.

Daman a masauki an gargaɗe shi cewa mutanen unguwar nan, ko inuwarka ka ajiye sai sun ɗauke. Ya cusa kyamarar a jaka, ya rungume ta kamar jinjiri, ya nufi titi.

Saura ƙiris ya fita, ƙaton ya sha gabansa.

"Malam, buɗe jakar nan."

Ya buɗe, yana yi wa kyamararsa bankwana a zuci. Ƙaton ya ture ta gefe, ya laluba har ƙasa, sannan ya ƙwala wa wata tsohuwa kira:

"Inna, kwantar da hankalinki, wannan bai ɗauki komai ba!"

Ya juyo. "Yi haƙuri, malam. Ɗan'uwanka mai hoto da ya zo bara, da butar Inna ya tafi, wai kayan tarihi. Tun daga nan ba ma barin baƙo shi kaɗai."