Ƙwaryar Kaka Pogbi

Kaka Pogbi ta kurɓa, ta tofar a ƙasa.

"Wannan ce burkutun taki? Ruwan wanke tukunya ma ya fi ta."

Matan unguwa suka tuntsire da dariya. A garin Kudugu sabuwar mai dafa giya ba ta fara ciniki sai babba ta ɗanɗana ta sa albarka. Kafin ɗanɗanon, da giyar babbar ake tarbar baƙi, kuma yau Pogbi ta shanye ƙwarya uku tana yabon hannun kanta.

Sibdu, wadda ta yi kwana uku tana shan hayaƙi a gindin tukunya, ko gezau ba ta yi ba.

"Ƙara kurɓa dai, Kaka."

"Ko akuyata ba ta sha. Wadda ta dafa wannan ta fasa tukwanenta ta koma surfe."

"Kowa ya ji, ko?" in ji Sibdu, tana miƙa mata taɓarya. "Tawa kika shanye ɗazu, Kaka. Wannan daga randarki aka ɗebo ta da safe. In raka ki, ko ke za ki fasa da kanki?"